Littattafan Yaya Bitrus da Suka Bar Kagoro

Shekara tara ke nan da muka binne yayana Bitrus a gindin dutsen Kagoro, kuma har yau ban daina tambayar inda littattafansa suka shiga ba.

Malamin kimiyya ne a wata kwaleji nan Kafanchan. Kafin nan ya yi shekaru a ƙasar waje yana bincike a kan silikon da ire-irensa, abubuwan da ake ƙera faifan sola da kayan tauraron ɗan'adam da su. Tambaya ɗaya ta hana shi sakat: me ya sa tururin nukiliya ke saurin lalata wani abu, wani kuma ya jure? Ya taɓa yi mini bayani muna dawowa daga sujada a coci. Ya ce tururin yakan ture ƙwayoyin zarra daga mazauninsu, ya bar gurbi. In ƙwayar da aka ture tana iya motsi, takan koma ta cike gurbin, abin ya warke da kansa. In kuwa guraben suka yi ta yawo har suka taru wuri ɗaya, ɓarnar takan ƙaru. Lissafinsa da zane-zanensa duk da hannu ya yi su, a littattafai masu baƙin bango.

Kwana uku bayan jana'iza wani mutum ya zo da mota, ya ce tare suka yi karatu da Yaya. Ya yi kuka, ya yi addu'a da mu. Sannan ya roƙi Saratu, matar Yaya, ta ba shi littattafan, wai zai buga aikin da sunan marigayi. Na ce a dakata tukuna. Kawunmu ya dube ni ya ce, "Laraba, ke za ki karanta su?" Aka zuba su a kwali, ya tafi da su.

Bara Malama Rifkatu, tsohuwar ɗalibar Yaya da ke koyarwa a Kwoi, ta nuna mini wata takardar bincike a wayarta. Sunan mutumin nan ne a sama, shi kaɗai. Kimiyyar ta fi ƙarfina, amma zanen da ke shafi na biyu na sha ganinsa a teburin Yaya. Na kira mutumin. Ya ce gara ta cinye littattafan tuntuni, sannan ya tambaye ni wa ya nuna mini takardar. Wannan tambayar ce ta fi damuna.

Ba ni da hujja. Rifkatu ma ta ce mutum biyu da suka yi karatu tare suna iya cimma abu ɗaya. Saratu ta ce in bar wa Ubangiji. Shi kansa Yaya, da yana nan yana ganin sola a kan rufin shagunan Kafanchan, ina jin abin da zai fara dubawa shi ne ko lissafin takardar daidai ne, ba sunan da ke kanta ba. Ni ban kai shi haƙuri ba.

Abin da na tabbata ya saura shi ne ɗalibansa. Rifkatu ta ce duk shekara, in ta zo darasin ƙwayar zarra, sai ta rubuta sunansa a allo kafin ta fara. Allo ne da ake gogewa kafin a tashi, amma ita na yarda da ita. Mutumin nan kuwa, bayan bikin Ista zan je har ofishinsa, ya nuna mini abin da gara ta rage.