Ajin Gindin Ɗorawa a Hanyar Indabo

Mun tashi da asuba ranar Alhamis, ana sallame salla muka bar Kano a tsohuwar fijon kwalejinmu, ni da abokiyar aikina da direba. Bincike ne ya fitar da mu, a kan yadda yaran firamare ke koyon karatu. Muka zaɓi ƙasar Wudil saboda tana da gari tana da ƙauye, kuma ana iya zuwa a dawo a yini guda.

An sha ruwan sama kafin wayewar gari, gero ya yi kore shar dama da hagu. Bayan Mariri, inda a da sojoji ke sa mu fito a buɗe but ɗin mota, 'yan sanda biyu muka tarar, hannu kawai suka ɗaga mana. Direba ya ce tun da sojoji suka koma bariki har ya manta inda yake ajiye takardun mota. Hotunan 'yan takara na nan manne a jikin garu, ruwa ya wanke fuskokin, alkawuran ne kawai suka rage.

A bakin gadar Wudil muka karya. Kogin ya cika ya batse, masunta na fitowa da abin da suka samu. Muka ci soyayyen kifi da gurasa, muka kora da shayi. Kifin ya fi na Kano araha nesa ba kusa ba, amma man fetur na galan ya rama wa Kano. Ko da yake sai gobe Juma'a kasuwa ke ci, tuni an fara sauke shanu a kara, kasuwar dabbobi.

Makarantar cikin gari ba ta ɗauke mu lokaci ba. Daga nan muka nausa hanyar Indabo, muka saki kwalta. Sau biyu mota na kafewa a taɓo, sau biyu manoma na ajiye fartanya su turo mu. Sunan ƙauyen da muka sauka zan riƙe shi, saboda mun yi alkawarin haka.

Hedimasta ya tarbe mu da gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gajiya da iyali da ruwa, amma idonsa na kan kwalin takardunmu. Sufetoci ya ɗauke mu. Ya kai mu aji huɗu, yara suka miƙe suka rera shafi guda na littafin Turanci baki ɗaya, ba tuntuɓe. Sai abokiyar aikina ta taɓa ni, ta nuna mini wani yaro da ke karatu da ƙarfi, littafinsa kuwa a juye yake.

Muka koma inuwa muna kiran su ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya karɓi takardar gwajin sai ya zuba mata ido, ya kasa karantawa. Har aka zo kan wata yarinya, Rakiya. Ita ma Turancin ya gagare ta, amma sai na ga yatsanta ya gangara can ƙasan takardar, inda na rubuta wa masu taya mu aiki umarni da Hausa. Ta karanta a hankali: "Kada a taimaka wa yaro." Ta ɗago kai.

"Malam, me ya sa ba za a taimake mu ba?"

Na tambaye ta wanda ya koya mata, ta nuna bayan makaranta.

A gindin wata ɗorawa muka sami Malam Sale da 'yan aji biyu, don iskar farkon damina ta yaye rufin ajinsa. Dattijo ne siriri, ɗan ƙauyen. Littafi ba shi da ko ɗaya. Kullum da safe yaro ɗaya zai ba da labarin abin da ya faru a gidansu, shi kuma ya rubuta da tawada a takardar buhun siminti, ya rataye a jikin bishiya, a karanta. Na ranar a kan akuya ne da ta cinye tuwon wani Audu. Yara na rige-rigen nuna inda aka rubuta akuya, Audu na rantsuwa cewa ba duka ta cinye ba.

Sai a nan hedimasta ya faɗa mana abin da ya sa bai kawo mu wannan ajin ba tun farko. Iyaye sun kawo ƙara, sun ce Turanci suka turo 'ya'yansu koyo, Hausa akwai ta a gida. Bayan azahar za su zauna su yanke ko za a nemi a ɗauke Malam Sale daga makarantar.

Takardun da na zo da su duk na Turanci ne. Da Rakiya ba ta kai yatsa ƙasa ba, da mun koma mun rubuta cewa yaran nan ba su iya karatu ba, hannuna a ƙasan rahoton. Nan take muka yagi fallaye, muka rubuta gajerun jimloli da Hausa, muka sake gwaji. Yawancin waɗanda suka bi ta hannun Malam Sale sun karanta, wasu da gudu, wasu da rarrafe.

Matar hedimasta ta aiko mana da ɗanwake da fura. Bayan salla aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan mai unguwa, aka ce in yi magana. Na faɗi abin da muka gani, ban ƙara ba. Sai Alhaji Ɗanjuma, mai sayar da hatsi kuma jagoran masu ƙara, ya gyara zama. Ashe shi ne mahaifin Rakiya.

"Malam, Allah ya ba ka haƙuri. Naka 'ya'yan, da wane yare ake koya musu a birni?"

"Da Turanci, Alhaji," na ce.

"To, ka ji. Ku naku Turanci, mu namu akuya."

Aka yi dariya, ni ma na yi, don ya same ni. Malam Sale bai yi musu ba. Cewa ya yi, "Ranka ya daɗe, ni ma Turancin nake so su iya. Amma yaro sai ya gane cewa takarda na magana kafin ya saurari baƙon yare a cikinta. A kawo kowace takarda, a kira Rakiya."

Alhaji ya zaro wasiƙa daga aljihu. Ta ƙaninsa ce da ke Legas, kwana uku tana hannunsa, gobe yake shirin kai ta Wudil a karanta masa. Rakiya ta durƙusa a gefen tabarma, ta fara karantawa. Ta wuce gaisuwa, ta cije a wata kalma, ta koma ta kamo ta. Sai ta karanta cewa matar ƙanin ta sauka lafiya, an sami namiji, an sa masa sunan Alhaji. Wuri ya ɗauki barka. Alhaji ya miƙa hannu ya karɓe wasiƙarsa.

"Ya isa. Sauran a gida za ki karanta mini."

Mai unguwa ya ce tunda yanzu zamanin ɗaga hannu ne, a ɗaga. Aka tsaya a kan Malam Sale ya ci gaba har ƙarshen shekara, da sharaɗin ya ƙara wa Turanci lokaci, sannan a sake zama. Alhaji bai ɗaga wa kowane ɓangare ba, yana ta ninke takardarsa. Da za mu tafi na tambayi Malam Sale abin da yake buƙata. Ya ce alli, da duk wani littafin Hausa da muka gama da shi.

Mun shigo Kano ana kiran magariba. Abin da na dawo da shi kaɗan ne amma ya zauna mini: ajin da ke amsa baki ɗaya ba lallai yana karatu ba, kuma mai bincike na iya auna yaro da mudun da ba nasa ba ya ce ya gaza. Iyayen nan ma ba su yi laifi ba, abin da muke nema wa namu suke nema wa nasu.

Da na shiga gida na miƙa wa 'yata, 'yar aji biyar, ɗaya daga fallayen da muka rubuta da hannu. Yarinyar da ke karanta jaridar Turanci ba gargada ta zo kan "ɓarawo ya ɗauki ƙwarya" ta tsaya, ta ce, "Baba, waɗannan haruffan masu ƙugiya fa?" Ranar Asabar da safe na shimfiɗa tabarma, muka zauna ni da ita, muka fara daga ɓ.