Kujerar Inna Mahasin

Matan Sudan da ke Giza duk sun san Inna Mahasin, domin leshin da ke bakin mayafansu rabi daga ƙwarashinta ya fito. Bahaushiyar Maiurno ce, wani gari a ƙasar Sudan. Ta zo Alƙahira da ɗanta Tarig, shi kaɗai Allah ya bar mata. A shekarar 2012 ya tafi Iskandariyya zai hau jirgin ruwa zuwa Turai, da zai fita ya ce, "Inna, kada ki tara kaya. Ina sauka zan aiko a ɗauke ki."

Ta kuwa riƙe maganar nan kamar farilla. Ɗakinta katifa ce da tukunya, sai bokitin fenti da ta kife take zama a kai tana saƙa. Lambar Tarig ba ta sake shiga ba. Shekaru suka tura, kaɗaici ya ishe ta, amma a ganinta ranar da ta sayi kayan ɗaki, ranar ta yarda ba mai aikowa.

Bayanta ne ya ƙi ba ta haɗin kai. Wata safiya Mardiya, matar wani ɗalibi Bakatsine da ke ƙasan benensu, ta tarar da ita ciwon baya ya hana ta ƙarasa layi guda na saƙa.

"Haba Inna, bokiti dai? Khalas, ya isa haka. Yalla, tashi mu je."

A shagon tsofaffin kaya, mai shago ya fara nuna mata kujerun falo masu ruwan zinare, irin waɗanda Misirawa ke ji da su. Ta ja tsaki. Mai saƙa ba ruwanta da hannun kujera, tokare gwiwar hannu yake yi. Laushi kuma barci yake kawowa. Sai ƙafa ta taka ƙasa sosai ƙullin zare ke zama a cinya. Ta zaro ƙwarashi daga jaka, kowace kujera sai ta saƙa layi a kanta kafin ta ce a'a, har mutumin ya gaji ya koma shan shayinsa.

Can a lungu ta samu wata ta katako, gajera, ba ado ko ɗaya. Tana zama bayanta ya yi shiru. Hannunta ya shiga gudu, layi na bin layi, daɗin zaman kuma ya ba ta tsoro, don ta san wannan ba kujerar matafiyi ba ce.

Mai shago ya jawo 'yar'uwarta. "Biyu ne, ya hajja, tare suka zo. Ɗauki duka, ko don wanda zai zauna kusa da ke."

Mardiya ta sunkuyar da kai. Inna Mahasin ta daɗe tana kallon kujerar da ba kowa a kai, sannan ta naɗe zarenta.

"Ma'alish," ta ce. "Yi haƙuri, ɗaya ta ishe ni."