Labulen Tagar Gabas

A Damagaram aka haife ni, inda ruwa mafi girma da na sani shi ne tabkin da ke cika da damina ya ƙafe da rani. Sai ga shi Allah ya kawo ni Stapleton, a tsibirin Staten, inda ko cefane za ki sai kin hangi teku ta tsakanin gidaje. Aikina kula da tsofaffi ne, kuma wata tsohuwa da na riƙe a unguwar Midland tana son a tura ta a keken marasa lafiya zuwa bakin ruwa da la'asar. A can na fara ganin masu lema.

Mutum ne tsaye a kan ɗan allo, an ɗaure ƙugunsa da dogayen igiyoyi, can sama wata ƙatuwar lema mai launi tana jan sa a kan ruwa da gudu. Wani har tashi yake sama, ya juya, ya sauko lafiya lau. Na saki baki ina kallo har tsohuwar ta ce sanyi take ji. Ni kuwa Allah ya yi ni da bin diddigi. Wa ya aike su? In iska ta ɗauke mutum na tsakiyar ruwa fa? Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, wata rana sai su cika wurin maƙil, wata rana kuma ga iska tana kaɗawa sosai amma ko mutum ɗaya babu.

Kullum na koma gida sai na ba da labarinsu ana cin tuwo. Ashe 'yata ta fari, wadda ba na kiran sunanta sai dai in ce 'yar nan, ta fi kowa saurare. Tana jami'a a lokacin. Wata bazara ta shigo da ƙatuwar jaka a baya, fuskarta fal murna irin wadda rabona da gani tun tana ƙarama. Wai ta daɗe tana koyo a wani bakin ruwa da ke Brooklyn, inda ruwa ba ya wuce ƙugu, yanzu kuma ta samu lemarta. Na kalli babanta. Ya ce shi direba ne, abin da ke ƙasa ya sani, mu ƙarata.

Ban hana ta ba, tunda da bakina na jawo. Amma na kafa sharaɗi. A garinmu ko yaro ya san daga gabas hadari ke tasowa. Da iskar gabas ta bugo sai a kwashe shanya, a shigar da awaki, a kira yara. Ga kuma babbar guguwar da aka yi 'yan shekaru kafin nan, wadda ta fito daga teku ta ajiye jiragen ruwa a kan titunan Midland, da idona na gani. Na ce duk ranar da iska ta fito daga gabas ba za ta shiga ruwa ba. Ta fara bayani da Turanci, da sauri, tana nuni da hannu. Na ce, "'Yar nan, kafin a haife ki na san iska. Ki rantse kawai." Ta kalli babanta, ta rantse da Allah.

Alƙalinmu labulen tagar falo ne, tagar da ke kallon gabas, inda nake fuskanta in zan yi salla. In ya kumbura ya shigo ɗaki, babu zuwa. In iska ta tsotse shi ya manne da taga, ta je abinta.

Sai dai ba ta zuwa. Lema ta koma ƙarƙashin gado. Ni kuma ban fasa tambayoyina ba, tana amsawa a taƙaice. Daga bakinta na ji cewa a gaɓar Great Kills ruwa na janyewa ya bar fili mara zurfi, amma ɓawon katantanwar teku na yanka ƙafa. A gaɓar New Dorp akwai tsofaffin turaku a ɓoye cikin ruwa, sai wanda ya san wurin. Da tsakiyar zafi masu wanka ke cika gaɓa, sai a matsa can gefe, kuma iskar kirki sai ganye ya fara zuba. Na tambayi nauyin lemar, na tambayi yadda take rufe gashinta, na tambayi ko da kifaye masu cizo. Komai na tambaya ban da abu ɗaya.

Ranar da labule ya kumbura sai in gan ta tsaye a taga, waya a hannu, 'yan'uwanta masu lema na aiko mata da hotuna. Ranar da ya manne in ce, "Yau fa?" sai ta ce tana da karatu. Na ɗauka tsoro ne ya kama ta. Da farko na ji daɗi, daga baya abin ya dame ni, don hira ta ragu tsakaninmu, dariyarta ma ta yi wuya. Da kaka ta shigo na ji tana gaya wa ƙanwarta za ta ba wata ƙawarta lemar. Gaskiya raina ya ɓaci, don ban taɓa nufin in raba ta da abin ba, kuma ni kaina ina son in gan ta a kai.

Wata Lahadi gari ya waye tas, babu gajimare, labule ya manne da taga kamar an liƙa shi. Na ce ta ɗauko kayanta, yau da ni za a je. Ta buɗe baki za ta yi magana, na riga ta fita. Muka hau bas, jakar ta cinye kujera guda.

Bakin ruwa babu kowa. Ruwa ya kwanta sumul kamar faranti, iska mai sanyi na tura mu ta baya. Na ce, "Kin gani? Yau duk sun bar miki wurin." Ta shimfiɗa lemar, ta danne ta da yashi, ta fara hura ta da famfo a hankali, tana yi tana tsayawa. Ina tsaye ina mamakin wannan nawa tata sai iska ta fizge gyalena. Ya tashi, ya faɗa ruwa nesa kaɗan da gaɓa. Ban damu ba, na san teku na maido da komai, kullum ina ganin robobi da itace a kan yashi. Na tsaya jira. Gyale ya ci gaba da tafiya, miƙe, bai ko karkata ba, har ya zama ɗan ɗigo.

Sai na ji ta a bayana, da Hausa, wadda ba kasafai take yi ba. "Mama, haka ni ma zan tafi. In igiya ta tsinke, wannan iskar ba ta maido mutum."

Na ce, "Ta gabas fa?"

"Ita ke turo mutum gida. Ko ka faɗi, ko lemar ta fashe, a yashi za ta ajiye ka. Shi ya sa yau babu kowa."

Nan na samu amsar tambayar da na daɗe ina yi wa kaina, amma ban ji daɗin samunta ba ko kaɗan. Na ce me ya hana ta faɗa mini. Ta ce ta faɗa, na ce na riga ta sanin iska, bayan nan kuma ta riga ta rantse. Na kalli lemar da ta kusa cika. Na ce, "Yanzu da shiga za ki yi?" Ta sunkuyar da kai. "Kin taso tun daga gida don ki gani." Na zauna a yashi, kaina babu gyale.

Na tambayi wani malami a masallacin Harlem yadda ake warware rantsuwa, ya ce a ciyar da mabuƙata. Ni na sa ta, don haka ni na yi girkin, muka ƙetare a jirgin ruwa muka kai masallacin tare. A hanya na ce na janye sharaɗina, amma ban da ranar guguwa. Ta yi dariya, ta ce ranar guguwa ko mahaukaci ba ya fita.

Ba a daɗe ba labule ya kumbura. Muka tarar da gaɓa cike da lemomi, ruwa na tumbatsa, ko kusa bai yi mini kama da wurin da uwa za ta kai 'yarta ba. Ta ce ni zan ɗaga mata lemar. Ta nuna mini inda zan riƙe, ta ce in ta ɗaga babban yatsa kada in jefa, kada in tura, in saki kawai. Ta ja baya har igiyoyi suka miƙe. Lemar na rawa a hannuna, tana neman ƙwacewa.

Ta ɗaga yatsa. Hannuna suka ƙi. Na duba ƙasa, na ga yashi na gudu daga bakin ruwa zuwa wajen gidaje, wajen tashar bas ɗin da za ta kai mu gida. Ta sake ɗaga yatsa, tana dariya. Na yi bismillah, na buɗe hannuna.