Kurar Mutum Biyu

Kurarmu ta mutum biyu ce. Ni a gaba, igiya a ƙirji, ina ja ina juya kanta. Yayana a baya, hannunsa kan ƙarfen da anka gitta, yana turi. Haka munka yi shekaru muna dakon kaya daga bakin ruwa a Dole Kaina zuwa kasuwa da tasha. Jirage su zo daga ƙetare da manja da garin rogo da gishiri, mu loda mu hau da su. In za mu gangaro kuma albasa ce da gero. Mu mutanen Bahindi ne. Cin rani ya fara kawo mu, daga baya zaman ya zarce.

Yaya ba ya gani. Idon ya fara dushewa tun yana da sauran baƙin gashi, anka yi na asibiti anka yi na gida, ya tafi gaba ɗaya. Amma baƙo in ya gan mu kan hanya ba zai gane ba. Kurar ce idonsa. In ya kama ƙarfen nan ya san inda muke ta yadda taya ke rawa. Ya san ramin gaban masu kifi, ya san inda ƙasa ke komawa yashi. Akwai wani hawa tsakanin bakin ruwa da titi, yashi ne zalla, nan kurar mutum ɗaya ke tsayawa. Kafin in buɗe baki ya riga ya sunkuya ya kafa ƙafa. A gangara kuma shi ne birki. Ya naɗe ƙarfen da robar taya don zafin rana, robar har ta lotsa daidai tafin hannunsa.

Ni kuma gwiwa ce ta ci ni. Ta dama. Ta kumbura ta saɓe, ta kumbura ta saɓe, har ta daina saɓewa. Ban gaya wa kowa ba, don faɗin ba ya rage komai.

Wata ranar kasuwa, da jarkokin manja a kai, ƙarfen tayoyin ya karye a tsakiyar hawan. Munka sauke kaya, munka ja gawar kurar zuwa wurin mai walda. Ya duƙa ya leƙa, ya ƙwanƙwasa, ya miƙe yana karkaɗe hannu.

Ya ce, "Wagga ta gama aikinta. Babu sauran ƙarfe nan, walda ce bisa walda. Ko in ƙera muku sabuwa, ko ku duba wancan."

Abin da ya nuna keken ɗaukar kaya ne mai taya uku, mai batir, ɗan Kwatano, wani ya aje a sayar masa. Mun fara ganin irinsa a tasha. Ba ya shan mai, ba ya hayaƙi, ba ya ƙara. A kai shi shagon masu sola ya sha caji, ya wuni yana aiki. Muna da ɗan bijimi da munka bar wa wani Bafulatani kiwo wajen Matsinkai. In anka sayar da shi zai kawo ɗaya daga cikin biyun, kurar da saura mai yawa, keken ba saura.

Yaya ya ce a kai shi ya taɓa. Na kama hannunsa na ɗora. Ya shafa kan keken, ya shafa kujera, ya bi akwatin kayan da tafi har ƙarshe. Ya tsaya a baya yana lalube sama da ƙasa.

"Ina wurin turi?"

Mai walda ya yi dariya. "Baba, ba a turin wanga. Shi ka tura kainai."

"To," in ji Yaya. Ya sauke hannunsa.

Na kwana biyu ina juya abin. Kura ba ta neman caji. Tana shiga har cikin ruwa a loda mata daga bakin jirgi. In ta karye kowane mai walda ya san ciwonta. Keken kuwa in ya lalace sai an nemo mai gyara daga Kamba ko Bagudo. Amma 'yan kasuwa sun fara tsallake masu kura suna kiran masu keke, don kafin mu kai sawu ɗaya sun kai uku. Duk wannan lissafin banza ne, na sani. Maganar ɗaya ce. Kura tana son mutum biyu, keke mutum ɗaya yake so.

Na yanke a raina kura za mu ƙera. Bayan la'asar muna zaune a zaure na gaya masa.

Ya ce, "Auta, kai wawa ne tun kana yaro."

Na ce, "Na ji. Kura dai za a yi."

"Kana tsammani don ban gani ban ji? In ka tai sujada gwiwarka ƙara takai awa tsohuwar ƙofa. Sallar asuba zaune ka yi ta yau. Jiya ma zaune."

"Gajiya ce."

"Gajiyar uwaka. Shekara nawa ta rage maka a gaban kura? In ka zauna, ni in ja ka ko kai ka ja ni? Ga ɗiyanka, ga matarka. A sai da bijimin a ɗauko mai caji."

Na ce, "Kai fa?"

"Ni na ce a ɗauko."

Shi ya riƙe ni bayan rasuwar tsohonmu, shi ya yi mini aure. A gidanmu in babba ya ce na ce, magana ta ƙare. Anka sayar da bijimi, anka ɗauko keke.

Ranar farko na shimfiɗa masa buhu a cikin akwatin kaya ya zauna, munka gangara bakin ruwa. A hanya ya riƙe gefe da hannu biyu. Da munka isa, wani Badandi mai jirgi, abokin wasansa ne na shekaru, ya hango mu ya ɗaga murya.

"Kai mai keke! Wanga buhu na wa ne? Tasha za a kai shi ko kasuwa?"

Mutane sunka yi dariya. Yaya ma ya yi, ya ce, "Buhun barkono ne, matso ka shaƙa." Amma da anka gama lodi ya ƙi hawa. Ya ce in je in dawo, zai jira. Na yi sawu na dawo na same shi tsaye inda na bar shi, bai matsa ko taki ɗaya ba, masu dako suna kewaye shi da kaya a kai. Mutumin da ya san kowane rami na hanyar nan. Babu ƙarfe a hannunsa, bai san inda zai sa ƙafa ba.

Na koma wurin mai walda na ce ya ciro ƙarfen bayan tsohuwar kurar, da robarsa, ya liƙa a bayan keken. Ya dube ni, bai yi dariya ba wannan karon. Ya liƙa.

Washegari Yaya ya kama ƙarfensa. Na murɗa hannun keken kaɗan kaɗan, daidai tafiyar mutum. Masu keke suna wuce mu suna cewa ko amarya munka ɗauko. Munka yi kwanaki haka. Rannan a tsakiyar hawan na waiwaya na ga ya saki, yana tsaye cikin yashi.

Na ce, "Yaya, lafiya?"

Ya ce, "Ba turi nikai ba. Ja na shikai, awa akuya zuwa kasuwa."

Na kama hannunsa na mayar kan ƙarfen, munka ƙarasa.

Sai damina ta faɗi sosai. Hadari ya rufe sama kwana da kwanaki, masu sola sunka ce abin da ya samu ke nan, caji rabi. Muna cikin hawan da buhunan gishiri keken ya yi wani ɗan kuka ya mutu. Ya fara zamewa baya. Kafin in taka birki na ji an tare shi. Yaya ne, ya kafa ƙafa.

Ya yi tsawa, "Sauka ka kama kai! Hagu, hagu, akwai tauri ta hagu!"

Na sauka na kama kan keken ina turi ta gefe. Keken ya fi kura nauyi nesa, ga batir ga gishiri. Munka hau da shi taki taki, yana ba ni umarni yana zagina. Da munka kai titi rigarsa ta jiƙe sharkaf, yana haki yana dariya. Ya ce, "Ina Badandin nan? A gaya mashi buhu ya hau da keke." Ran nan ya ci tuwo ya nemi ƙari. Rabon da ya nemi ƙari tun kafin a sayar da bijimi.

Da rana ta dawo, sai na riƙa zuwa shagon caji ina cire keken kafin ya cika. Mai shagon ya ce zan kashe batir, na ce batir nawa ne. Na iya abin har na san yadda zan yi ya kai mu bayan azahar ya mutu a hawan ko kusa da shi. Kullum sai mun tura sawu ɗaya ko biyu. Ciniki ya ragu, don mai kaya ba ya son ganin kayansa tsaye. Gwiwar kuma ta koma yadda take, har ta fi. Ban damu ba. Yaya yana tashi da wuri, yana riga ni shiri.

Ban san tun yaushe ya gane ba. Wata ranar mun turo har titi, na jingina da keken ina jiran zafin ƙafar ya lafa, sai ya ce, "Auta."

"Na'am."

"Ranar ga da ta ƙwalle mako da makonni, ina jin ta bisa ƙeyata. Masu keke dut nasu na aiki har magariba. Naka kaɗai ka mutuwa?"

Na ce, "Tsoho ne, ɗan Kwatano."

"Kuma ko yaushe wurin hawa shika mutuwa. Batir ɗin ga ya san hanya." Ya juyo da fuskarsa wajena. "Ina jin ƙafarka kana ja cikin yashi. Mun sai da bijimi don gwiwar ga, kai kuma kana kashe ta don in samu abin yi. Ni ba yaro ne ba da za a ba ni wasa."

"Yaya, ba haka ba ne."

"Haka ne. Allah shi yi maka albarka. Ka cika shi gobe. Ni na gama zuwa bakin ruwa."

Na roƙe shi a hanya, na roƙe shi a gida. Matata ma ta sa baki. Ya ce ya faɗa.

Yanzu a zaure yake wuni yana tufkar igiya. Da can in an ce masa ya koyi tufka, cewa yake wannan aikin makafi ne, shi ɗan dako ne. Ya koya. Igiyarsa tana da kyau, da ita nake ɗaure kaya. Ƙafafunsa sun sirance, kafaɗun nan sun zube, kantar tafin hannunsa ta koma wani wuri daban. Badandin yakan tambaye ni shi, ya aiko masa da kifi, amma bai sake yin wasan buhu ba.

Keken yana aiki. Gwiwar ta yi sauƙi, ina sallah a tsaye. Yara suna cin abinci. Duk abin da ya ce zai faru ya faru, ba ni da abin da zan ce an cuce ni. Ƙarfen yana nan a baya, ban cire ba. Masu kaya suna rataya leda a jiki.

Tsohuwar kurar tana da kuka, tun daga kan kwana ake jin ta, a gida har a ɗora ruwa. Keken kuwa ba ya ƙara ko kaɗan. Sau da yawa na tsaya a ƙofar zaure Yaya bai san na iso ba, in same shi ya saki igiyar a cinya, fuskarsa wajen kogi. Ba na son ganin haka. Shi ya sa in na kawo kwana nake yin tari, don ya samu ya ɗauki igiyarsa.

Jiya da na shigo ya ce, "Ruwa ya ja baya?"

Na ce ya ja.

"To yashin hawan ya ƙaru ke nan."

"Ya ƙaru."

"Keken ya hau dai?"

Na ce, "Ya hau."

Ya ce, "Madalla." Ya lalubo bakin igiyarsa ya ci gaba.