Ranar da Hadiza ta kama sunan 'yar farinta

Ramlat ta Nariya shekararta hamsin da biyu, kuma har bara ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwar da ta haife ta ba. 'Yar fari ce. Uwar tata Hadiza, ƙawata tun muna 'yammata, irin mutanen nan ce da suka ɗauki kunyar ɗan fari kamar da ita za a shiga Aljanna. Ana yaye yarinyar ta miƙa wa kakarta a Rurum Tsohon Gari. In sun haɗu wurin biki, sai "ke", sai "waccan".

Ramlat ta yi aure, mijin ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba. Tana zaune ita kaɗai tana suyar awara, ɓarin jikin Hadiza ya shanye. 'Yan lelen da ake kiran sunansu har da kirari suna Kano, jinyarsu ta waya ce. Waccan ɗin ce ta naɗe tabarmarta ta dawo.

Shekara huɗu tana juya ta, tana yi mata wanka, tana ba ta kunu a cokali. Wata rana na tarar da ita a bayan rumbu tana wanke zannuwa, ido jawur.

"Gwaggo, anya matar nan ta taɓa sona?"

Na ce bar ni da ita. Ni dama bakina ba ya hutu.

Washegari da hantsi, mata sun cika ɗaki dubiya, na shiga na baje. Na ce, "Hadiza, albishirinki. Na samar wa waccan miji a Fassi, Malam Shitu, haƙoransa huɗu amma duk masu aiki. Juma'a za a ɗaura. Ke kuma a kawo miki mai aiki daga birni."

Bakin da ya karkace ya hau rawa. Na ƙara wuta: "Ai ba asara, tunda ko sunanta ba ki sani ba."

Ta daki katifa da hannunta mai lafiya. "Ramlat ba ta zuwa ko'ina! Ramlatuna ce!"

Ramlat na bakin ƙofa da kwanon kunu. Ta ajiye shi a hankali, ta durƙusa gaban gadon.

"Inna, ban ji ba. Sake faɗa."

Hadiza ta juyar da kai bango, hawaye na gangara mata cikin kunne. "Sau biyu na faɗa, marar kunya. Gwaggonki ce ta lalata ki."

Ta ƙara wata bakwai a duniya, kuma tunda bakin ya buɗe bai rufu ba. Ruwa, Ramlat. Ƙuda, Ramlat. Har sai da Ramlat ta kawo mini ƙara wai an hana ta sakat, tana faɗa tana dariya. Na ce je ki amsa, yarinya, kiran shekara hamsin ne ya taru miki.