Mutumin Baba Akawu

Gidanmu na unguwar Abakpa ba shi da girma, amma yana da wata rumfar kwano a gefen kicin, inda Iya, kakata ta wajen uba, take hura murhunta. Mahaifiyarmu tana da risho, ita kuwa Iya ba ta yarda da tuwon da bai ji itace ba. Da damina, in an idar da sallar isha'i garwashi bai mutu ba, sai ta jera masara a kai, ni da ƙannena biyu mu jawo tabarma mu kewaye ta, ruwa yana dukan kwano a samanmu. Ina 'yar shekara tara ko goma a lokacin, wajen ƙarshen shekarun tamanin. A nan muka sha tatsuniyoyin da kowane yaro ya sani. Amma wadda ta fi zama a raina asalinta ba ta Iya ba ce, ta mijinta ce.

Kakanmu, wanda duk unguwa ke kira Baba Akawu, ya yi aikin buga tafireta a ofishin gwamnati har ya yi ritaya. Mutum ne mai tsari da yawan shiru. Ba ya zaman majalisa, ba ya shiga hirar ƙwallo. In ka cire masallaci da jana'iza, abu ɗaya ne ke fitar da shi daga gida: finafinan wani ɗan leƙen asiri na Turawa, waɗanda ake fitar da sabo bayan 'yan shekaru. Tun mahaifinmu yana firamare Baba Akawu ya ga na farko a silima, daga nan bai bari ko ɗaya ya wuce shi ba. Ba ya kiran sunan jarumin, sai dai ya ce "mutumina". Ranar da za a nuna, tun la'asar zai goge takalminsa, ya sa kaftani mai ruwan toka, ya hau kekensa. Kashegari kuma mutumin da ba ya haɗa jimla biyar a yini zai miƙe tsaye a tsakar gida yana kwatanta yadda aka yi, tun daga farko har ƙarshe, ba ya tsallake ko tarin da wani ya yi.

Iya ba ta taɓa shiga silima ba, ta ce ba wurin matan aure ba ne. Amma kowane labari ta ji shi ya fi sau ashirin, tana tankaɗe ko tana tsince wake. Takan taɓe baki ta ce Bature ya iya ƙarya, yaya za a ce mutum ɗaya ya doke arba'in rigarsa ko yamutsewa ba ta yi ba. Shi kuma ya ce ba za ta gane ba, ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Wata safiya yana alwala ya faɗi a gefen buta. Ya yi sati uku a asibiti. Da aka dawo da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta tafi gaba ɗaya. Hankalinsa yana nan, don idonsa yana bin duk wanda ya shigo, kuma in an yi kiran salla yakan motsa leɓe. Likita ya ce wa mahaifinmu a riƙa jan shi da hira, wataƙila harshen ya saki. Aka yi rubutun sha, aka kawo wani mai magani daga Rigachikun ya shafa masa mai na tsawon kwana bakwai. Ba abin da ya canja. Sannu a hankali ya daina duban masu gaishe shi, ya juya fuska ga bango. In an kawo kunu, cokali biyu yake karɓa ya rufe baki.

Wata biyu ana haka. Wani dare bayan isha'i Iya ta ɗaga murya daga rumfa ta ce wa mahaifinmu, ba tare da ta ambaci sunansa ba don ɗan farinta ne, ya fito mata da Malam waje. Ya ce akwai sanyin ruwa. Ta ce akwai wuta. Ya shiga ya ciccibo shi shi kaɗai, don ya rame sosai, ya kwantar da shi a doguwar kujera kusa da murhu, aka lulluɓa masa bargo. Baba Akawu ya rufe ido kamar ba ya wurin.

Iya ta juya masara, ta gyara zama, ta ce, "Ga wata nan tafe, aro na yi ta a wurin wani."

Muka ce ta ƙaraso mu ji.

Ta ce a can ƙasar Turawa akwai wani bawan sarauniya, dogo, mai yawan wanka, wanda ake aikawa duk inda aka rasa mai zuwa. Wata rana aka kira shi fada aka ce wani attajiri mai mugun ciki ya sayi duk gishirin duniya ya ɓoye a cikin dutse, yana so kowa ya zo ya durƙusa masa kafin ya yi miya. Aka ba bawan nan guzurin ƙuli-ƙuli, aka ɗaura masa laya a damtse wadda in ya shafa ta ba mai ganinsa, aka kawo masa jaki ya hau.

Muna dariya, don mun san labarin waye, mun kuma san ba haka yake ba. Na waiga na ga Baba Akawu ya buɗe ido. Iya ba ta dube shi ba. Ta ci gaba, ta ce da bawan ya isa ƙofar dutsen ya ga masu gadi, sai ya sauka daga jaki ya fara ba su haƙuri yana kuka.

"A'a."

Muryar ta fito a shaƙe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba, amma kowa ya ji ta. Mahaifiyarmu ta fito daga ɗaki da gudu. Mahaifinmu ya durƙusa a gaban kujerar yana ta hamdala. Iya kaɗai ce ba ta motsa ba. Ta ɗauke masara ɗaya daga wuta ta hure tokar, ta ce, "To in ba haka aka yi ba, Malam, sai ka faɗa mana yadda aka yi."

Ya buɗe baki, jijiyar wuyansa ta tashi. Muka zuba masa ido muna jira. Abin da ya fito shi ne a'a ɗin nan dai, sau biyu.

A daren mun kwanta da murna. Mun ɗauka kalma ta biyu tana tafe gobe, ta uku jibi. Ya ma sha kunu rabin kofi da safe. Daga ranar kullum sai an fito da shi, kullum Iya tana da sabuwar ɓarna. Yau bawan sarauniya ya faɗa rijiya wata tsohuwa ta ciro shi da guga, gobe ya manta abin da aka aike shi ya zauna cin ɗanwake. Duk inda ta kauce, Baba Akawu zai buga hannun kujera da hannunsa na hagu ya ce a'a, ita kuma ta ce ya gyara mata. Sai ya fara kokawa da harshensa. Mu yara mukan yi ƙoƙarin taya shi: jirgi ya shiga? Ta taga ya fita? Bindiga ce a aljihunsa? Yana dubanmu ɗaya bayan ɗaya, labarin duka yana cikin kansa, mun ga alamar haka a idonsa, amma ba hanyar da zai fito. Wani lokaci yawu ya zubo masa, Iya ta goge da bakin zaninta ba tare da ta katse magana ba. Wani lokaci hawaye ne.

Damina ta yi nisa, masara ta ƙare aka koma gyaɗa, kalma ta biyu ba ta zo ba. Abin da ya fi ciwo, a'a ɗin ta zama ita ce komai nasa. In yana son ruwa, a'a. In an gaishe shi, a'a. In an tambaye shi ko a mai da shi ɗaki, a'a, a bar shi kuma a'a.

Mahaifinmu ya yi tunanin abin da ya ɗauka zai fi tatsuniya. Ya aro bidiyo a wurin wani abokin aikinsa a Unguwar Rimi, ya samo kaset na sabon fim ɗin, wanda ya fito Baba Akawu bai samu gani ba. Ranar Asabar da yamma, da aka kawo wuta, aka zaunar da shi a falo gaban talabijin, aka sa masa kaftaninsa mai ruwan toka. Iya ta zauna a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje, wai ita iska take sha.

Da kiɗan farko ya tashi, hannunsa na hagu ya kama bargo ya damƙe. Sai jarumin ya bayyana, ashe an canja shi. An taɓa canjawa a baya, in ji mahaifinmu, kuma kowane karo sai Baba Akawu ya yi sati yana mita kafin ya haƙura ya ce ai mutuminsa ne dai. Wannan sabon kuwa bai taɓa ganin fuskarsa ba. Ya kalla kamar minti goma, sannan ya ce a'a. Mahaifinmu ya dubi Iya, ya tashi ya kashe. Baba Akawu ya buga kujera ya ce a'a da ƙarfi. Aka kunna. Ya sake cewa a'a, hawaye yana bin gefen fuskarsa da ya shanye. Mahaifinmu ya tsaya a tsakiyar falo, yatsansa a kan maɓalli, babban mutum mai 'ya'ya uku, yana tambayar mahaifinsa a hankali, "Baba, in bari ko in kashe?" Amsar ɗaya ce. A ƙarshe ya kashe, ya fita waje, ya daɗe bai dawo ba. Har yau ban san ko abin da Baba Akawu yake so ke nan ba.

Kashegari mun zaci ba za a fito da shi ba, amma Iya ta sa aka fito da shi. Ba ta gasa komai ba ranar. Ta matso da kujerarta 'yar tsugune kusa da shi, ta fara labarin fim na farko, wanda ya gani tun mahaifinmu yana yaro. Babu jaki, babu laya. Ta kawo shi daki-daki yadda shi yake kawo shi, da sunayen garuruwan Turawa da take lanƙwasawa da kyar, da wurin da yakan tsaya ya ce ku lura da wannan mutumin za mu sake haɗuwa da shi, har da yadda yakan gyara wuyan riga in an gama faɗa. Ba mu taɓa sanin ta riƙe shi haka ba. Mu ba mu yi dariya ba, shi kuma bai ce a'a ko sau ɗaya ba. Ya kama gefen mayafinta da yatsu biyu, bai saki ba har ta kai ƙarshe ta ce nan ta sauke aron da ta ɗauko.

Da aka shigar da shi, na tsaya taya ta kashe wuta. Na tambaye ta me ya sa ta daina ɓata labarin, alhali ɓatawar ce take sa shi magana. Ta yayyafa ruwa a garwashi, ta jira hayaƙin ya lafa.

"Wata uku ina ɓata masa rai don ya yi magana, bai yi ba," ta ce. "Maganar ba a hannuna take ba. Labarin ne a hannuna, gara in ba shi abinsa."

Haka ta riƙa ba shi su ɗaya bayan ɗaya, in sun ƙare ta koma farko. Ya ƙara kusan shekara guda. Ya rasu wata Talata da hantsi, bayan an yi masa wanka an canja masa riga, bai ƙara kalma ko ɗaya a kan wadda yake da ita ba. Allah ya jiƙansa. Bayan sadakar arba'in muka koma rumfa, Iya ta koma tatsuniyoyinta na da. Ƙanina ya taɓa roƙonta ta yi mana na bawan sarauniya, ta ce ta manta.

Na girma, na yi jinyar mutane da dama, na zauna a gefen gadon da ba abin da zan iya yi. A irin wannan zama nakan kama kaina ina matsa wa marar lafiya ya ci, ya tashi, ya yi ƙoƙari, kuma nakan gane rabin matsin don kaina nake yi, don in ji ina yin wani abu. Ban san ranar da ya kamata mutum ya daina ba. Iya ma ba na jin ta sani, gajiya ta yi da ganin hawayensa. Na daɗe ina ganin ranar da ta faɗi labarin daidai ita ce ranar da ta sallama, ina kuma jin haushin hakan a ɓoye. Yanzu ban da tabbas. Abin da na sani shi ne a daren ya yi barci ba a ji motsinsa ba.

Iya ta yi tsawon rai, har ta ga auren ƙanina. Shi ne ya gaji son finafinan, kuma wata rana da ya zo gaishe ta, don ya sa ta dariya, ya ce mata ai an sake canja mutumin Baba Akawu, an kawo wani sabo. Tana zaune a kan dadduma, carbi a hannunta. Ta ce, "Su suna da wanda za su sa a gurbin nasu." Ta ci gaba da jan carbinta.