Ranar da Takalmin Kaboyi Ya Riƙe Ni

Kafin Alhaji Modu ya riga ni ba ku labarin nan da ƙari, gara ku ji daga bakina: ni ne wawan cikinsa. Ba na mantawa da wannan Juma'a, ana tsakiyar zafi, ina aikin gyaran takalma a shagonsa da ke unguwar Harlem, can ƙasar Turawa. Shi Babarbare, ni Bafulatani, kun ga ashe tun asali ba a shirya mana zaman lafiya ba.

Wata dattijuwar Baturiya ce ta kawo takalmin kaboyi, irin dogon nan na makiyayan shanu masu hawan doki, na marigayi mahaifinta a sake masa dunduniya, ɗanta zai sa ranar Asabar wurin ɗaurin aurensa. Ta ce wani baduku ne a jihar Texas ya ɗinka shi. Kakan badukun ya fara sana'ar a bakin hanyar da ake kora shanu, 'ya'ya suka gada, jika ya rufe shagon. Ba a ƙara yin irinsa ba.

Ku yaran da kuka shigo aikin nan jiya, ku saurara. Aikin gidan badukun nan ba ya ɓuya. A kan hancin takalmin akwai ɗinkin fure ƙarami, shi ne sa hannunsu. Ka kifa shi, za ka ga tsinkayen itace a jere maimakon ƙusa, don itace yana kumbura tare da fata in ta jiƙe, ƙarfe kuwa tsatsa yake yi. Dunduniyar a karkace take don ta kama likkafa. Can ciki kuma, an rubuta sunan mai shi da tawada, saboda ƙafar mutum ɗaya aka auna. Ni da na tsaya a aji huɗu, duk na karanta wannan.

Na gama aiki, na goge shi yana ƙyalli. Alhaji ya fita sayen abinci. Sai zuciyata ta ce: Buba, kakanka ya yi kiwon shanun da Texas ba ta taɓa gani ba, wa ya fi ka cancanta? Na zura ƙafar dama. Ta shige da wata ƙara, fut!

Shigar ke nan. Na ja, na murɗa, na yi salati. Zafi ya kumbura ƙafa, takalmi ya ce bai san zancen ba. Ga lokacin masallaci ya matso, ga mai kaya ta ce bayan azahar za ta zo.

Alhaji ya shigo ya tsaya, ledar shinkafa a hannu.

“Buba, ina dokin?”

“Alhaji, gwajin inganci nake yi.”

“To, ya yi inganci?”

“Ya wuce misali.”

Ya ɗauko almakashin fata ya juya shi a hannu. “Ɗaya za a yanka, ko takalmi ko ƙafa. Ƙafar Fulani kuwa ba ta yi wuya a garin nan ba.”

Muna cikin haka matar ta turo ƙofa, tun kafin lokacin da ta ce. Na so ƙasa ta tsage. Ta dubi ƙafata, ta dubi almakashin, ta ce kada wanda ya kuskura ya taɓa fatar nan. Sai ta koya mana yadda mahaifiyarta take cire wa mahaifinta: mai ja ya juya baya, ya sa takalmin tsakanin ƙafafunsa, ya riƙe dunduniya, mai takalmi kuma ya ɗora ɗayar ƙafar a mazaunan mai ja, ya tura.

Alhaji Modu, mai shago, mai jikoki, ya tattare riga ya juya mini baya. Ni kuma, tsakani da Allah, na tura da gaskiya. Takalmi ya fita lafiya, Alhaji ya je ya rungumi kantar shago. Matar ta yi dariya har da hawaye, ta ce tun rasuwar mahaifinta ba ta ga wannan ba. Ta rungume kayanta ta tafi.

Abin da na koya: kayan da aka kawo gyara, wani mutum ne a ciki, ko da ya rasu. Hannunka aka ba wa amana, ba ƙafarka ba.

A hanyar masallaci ina ɗingishi na ce, “Alhaji, ka yarda dai ya yi mini kyau. Jinin makiyaya ne.”

Ko kallona bai yi ba. “Takalmin nan ya shekara da shekaru yana hawan doki, Buba. Yau ne kawai ya hau jaki.”